Mai Sayarwa Shi Kaɗai: Talauci, Rashin Aiki da Ƙungiyoyin Gama Kai Daga Kano Zuwa Maraɗi

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, duk wata babbar kasuwar hatsi a ƙasar Hausa takan cika ta batse. A Dawanau da Dandume da Giwa da Maigatari, har Maraɗi da Tasawa a tsallaken iyaka, amalanke da a-kori-kura ba sa hutawa, ana ta sauke masara da gero da dawa da wake da waken suya. A daidai wannan lokacin ne kuma hatsi ya fi araha a duk shekara. Manomin da ya kawo buhu biyar ya san haka sarai. Ya san da zai iya haƙuri zuwa bazara, da abin da zai samu ya fi wannan nesa ba kusa ba. Sai dai haƙurin ba a hannunsa yake ba. Mai ba-da-kaka da ya ranta masa kuɗin taki a watan Yuli yana bakin ƙofa, ga kuɗin makarantar yara, ga 'ya da aka sa wa ranar aure bayan an kai amfanin gona gida. Dole ya sayar. Idan damina ta tsaya, rumbu ya yi ƙasa, shi ɗin ne dai zai dawo wannan kasuwa ya auni tiya biyu ko uku na irin hatsin da ya fita daga gonarsa, a farashin da wani ya yanka masa.

Wannan mutumin yana aiki tun asuba har rana ta yi ja. A takardun gwamnati ma ba ya cikin marasa aikin yi. Amma shi ne talakan Arewa, shi da matarsa mai ƙuli-ƙuli da ɗansa mai jan Adaidaita Sahu. Abin da ya haɗa su ukun shi ne kowannensu yana saye shi kaɗai, yana sayarwa shi kaɗai, yana cin bashi shi kaɗai, alhali wanda ke gabansu a ciniki, dillali ne ko mai shagon taki ko mai babur, yana da jari da wurin ajiya da lokacin jira.

Alƙaluman da suka fito a watan Nuwamba na 2022 daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna girman abin. Mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talaucin da aka auna da rashin abinci da lafiya da ilimi da tsabtataccen ruwa da aikin yi. Miliyan 86 daga cikinsu suna Arewa. A Sakkwato kashi 91 cikin 100 ne, a Ondo kuwa kashi 27. Kano kaɗai tana da sama da miliyan 10. An tattara waɗannan bayanai kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kafin darajar naira ta zube, kafin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024.

Batun rashin aikin yi kuwa, sai an yi hattara da lissafinsa. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce kashi 33.3 cikin 100 ne ba su da aiki. A 2023 ta sauya ma'auni, adadin ya koma kashi 4.1. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba. A sabon ma'aunin, duk wanda ya yi aikin da ya kawo masa kuɗi na awa ɗaya a cikin mako, ana ƙirga shi a matsayin mai aiki. Yaron da ya tura kurar ruwa da safe ya koma majalisa ya zauna har dare ya shiga lissafin ma'aikata. Hukumar ba ta ɓoye wani adadi da ya fi wannan bayyana gaskiya ba: sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar suna buga-buga ne a sana'o'in da ba su da albashi, ba su da fansho, ba su da wata kariya ranar da ciwo ya kwantar da mutum.

Yadda aka zo nan

Dattawan Kano har yanzu suna tuna dalar gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka shimfiɗa hanyoyin saye har cikin ƙauyuka, kuma zuwa shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Farin 1973 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, kuɗin man fetur suka ɗauke hankalin gwamnati. A 1986, ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Waɗancan hukumomi ba su yi wa manomi adalci ba, domin sun daɗe suna saye da araha su sayar waje da tsada, amma aƙalla ana shelar farashi kafin kaka. Da aka rushe su ba a kafa komai a gurbinsu ba.

Birane ma haka. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya har Kakuri ta zama gari guda na ma'aikata. A Kano, Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun ɗauki dubban mutane a masaƙu da majemu da kamfanonin robobi da alawa. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta tsaya a 2007. 'Ya'yan waɗancan ma'aikata su ne suka hau acaɓa, da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a watan Janairun 2013 kuma suka koma Adaidaita Sahu. Mafi yawansu ba su da kuɗin sayen baburin. Wani mai hali ne ke saye ya ba su, ko dai su riƙa kawo balas kullum, ko su biya kaɗan-kaɗan a farashin da ya ɗara na kasuwa sosai. Kafin matuƙi ya gama biya, sau da yawa baburin ya riga ya tsufa.

A irin wannan yanayi ne kowace gwamnati, da kowane shirin raya karkara, ke maimaita wa talakawa magana ɗaya: ku haɗa kanku ku kafa ƙungiyar gama kai. Shawarar daidai ce. Abin tambaya shi ne me ya sa aka shekara kusan casa'in ana faɗarta, amma manomin Dandume bai daina sayarwa shi kaɗai ba.

Ƙungiyoyin da aka kafa don karɓa

Ƙungiyar gama kai ta zamani ba daga ƙasa ta tsiro a Najeriya ba. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta gayyato wani jami'i mai suna C. F. Strickland, wanda ya yi aiki a Indiya, ya rubuta rahoto a 1934, aka yi doka a 1935. An fara da manoman koko a Kudu maso Yamma. Da abin ya iso Arewa, sai ya zo a matsayin hanyar raba bashin gwamnati kafin damina da kuma tattara gyaɗa da auduga. Jami'i ya zo daga birni, ya sauka wajen mai gari, aka rubuta sunaye. Waɗanda ke kusa da fada su suka zama shugabanni, su suka san lokacin da kuɗi ke zuwa. A Nijar ma tafiyar ɗaya ce: gwamnati ta kafa hukumar UNCC a 1962 don ta tsara manoma cikin ƙungiyoyi, mutum ya wayi gari an ce masa shi ɗan ƙungiya ne saboda kawai a ƙauyen yake zaune. Sai a 1996 aka yi dokar da ta sakar wa manoman Nijar mara su kafa ƙungiyoyinsu da kansu.

Wannan tarihi ya bar gado mara kyau a zukatan mutane. A ƙauyuka da yawa, idan aka ce ƙungiya, abin da ke zuwa a ran mutum shi ne takardar rajista da hoton fasfo da jiran tallafi. Ba a taɓa ganin haka ƙarara ba kamar a shirin Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Tsarin a takarda yana da ma'ana: Babban Bankin Najeriya zai ba ƙananan manoma iri da taki da magani da kuɗin aiki a matsayin bashi, su kuma su biya da amfanin gona ta hannun kamfanin da zai saya. Sharaɗi shi ne manomi ya kasance cikin rukuni na mutum 5 zuwa 20 da za su tsaya wa juna. Nan da nan ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa. Akwai na gaskiya a cikinsu, kuma babu mai musun cewa noman shinkafa ya bunƙasa a Kebbi da Jigawa da Kano, injinan casa suka yawaita. Amma akwai kuma waɗanda 'ya'yansu ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba, akwai 'yan birni da ba su da ko kunya guda da suka karɓi taki suka sayar a bakin sito. Wasu manoman na gaske kuma kayan sun iso musu bayan lokacin shuka ya wuce, wasu ambaliya ta cinye gonakinsu.

An raba sama da naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kacal aka dawo da shi. Babban Bankin ya musanta, ya ce abin da aka biya ya kai kusan kashi 52. Ko da an ɗauki lissafin bankin, kusan rabin kuɗin bai dawo ba a lokacin. Sabon shugabancin bankin da ya zo a ƙarshen 2023 ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye, kuma yawancin ƙungiyoyin da aka kafa domin shirin sun watse tare da shi. Ba abin mamaki ba ne. Mutumin da bai zuba ko sisi a asusun ƙungiya ba, ba zai je gidan maƙwabcinsa ya ce masa ya biya bashi ba. A wurinsa kuɗin gwamnati ne, rabonsa ne na arzikin ƙasa da ya daɗe yana ji a rediyo. Hausawa sun riga sun faɗa, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Asarar da ta fi ta kuɗi ita ce ta suna. Manomin da ya biya bashinsa tsaf ya ga wanda bai biya ba yana yawonsa lafiya lau. Bankunan kasuwanci kuma, da ma ba son ba manomi bashi suke ba, sun ƙara samun hujja.

Akwatin matan Maraɗi

A 1991, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani ɗan ƙaramin gwaji da matan karkara a jihar Maraɗi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Abin da ya bambanta shi da duk shirye-shiryen da suka gabata shi ne ba a kawo wa matan kuɗi ba. Horo kawai aka ba su. Mata kamar 15 zuwa 30 da suka san juna, suka kuma zaɓi juna, sukan haɗu sau ɗaya a mako, kowace ta kawo zubin da suka amince a kai, komai ƙanƙantarsa. Ana ƙirga kuɗin da ƙarfi a gaban kowa, a zuba a akwatin ƙarfe mai kwaɗuna, makullan kuma suna hannun mata daban-daban, akwatin yana ɗakin wata dabam. Ba a buɗewa sai a taro. Da yake yawancin matan ba su yi boko ba, a farkon tafiyar da ka ake riƙe lissafi, kowace ta san abin da ke cikin akwati da wadda ake bi da ranar biya.

An gina tsarin ne a kan adashin da kowace Bahaushiya ta sani, amma an gyara masa raunin da yake da shi. A adashi, sai ranar ɗaukarki ta zo za ki ga kuɗi, ko da kuwa yaronki ya kwanta rashin lafiya wata biyu kafin nan, kuma komai ya rataya a wuyan uwar adashi. A akwatin Mata Masu Dubara, kuɗin na taruwa, mai buƙata ta ranta ta sayi gyaɗar da za ta matse ko akuyar da za ta kiwata, ta dawo da shi cikin ɗan lokaci. Akwai wani ɗan asusu na daban don haihuwa da rashin lafiya da rasuwa. Idan shekara ta zagayo, galibi gab da damina ko salla, sai a fasa akwati a raba wa kowace nata da abin da ya hau kai, a sake sabon zubi.

Babu wanda ya zaci abin zai yi nisa. Ya bazu a Nijar, ƙauyukan da ba a kai wa horo ba suka riƙa ɗauko wata gogaggiya daga maƙwabta su biya ta ta koya musu. Daga nan ya tsallaka zuwa wasu ƙasashen Afirka da Asiya, har ya zama yau miliyoyin mutane ne ke ajiya da rance ta wannan hanyar da aka fara a ƙasar Hausa. A Nijar ɗin, rukunonin sun haɗu sun kafa bankunan hatsi, kuma matan da suka koyi magana a gaban taro ta hanyar akwati sun tsaya takarar kansila, wasu sun ci. Ya kamata a faɗi iyakarsa: kuɗin akwati ba su da yawa, ba za su gina masana'anta ba, kuma a shekarar yunwa irin ta 2005, da ta yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu, zubi kansa yakan gagara. Amma macen da ke da inda za ta ranci kuɗin magani ba za ta sayar da akuyarta ɗaya tilo da asara ba, kuma a karkara irin wannan sayarwar gaggawa ce ke tura gida daga talauci zuwa fatara.

Nijar ta gwada wata dabarar da ta shafi matsalar kaka kai tsaye. Tun daga 1999, wani shirin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya yaɗa tsarin jinginar da hatsi, wanda a can ake kira warantaji. 'Yan ƙungiya sukan tara gero ko wake ko gyaɗa a sito ɗaya da kaka, kowa da sunansa a jikin buhunsa. A sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. Asusun ya ba kowane manomi rancen wani kaso mai tsoka na darajar hatsinsa a farashin ranar. Da wannan kuɗin zai sallami masu binsa, ya yi noman rani ko kiwon rago. Bayan wata biyar ko shida, hatsi ya yi daraja, sai ya biya rancen a buɗe sito, ya sayar ko ya kai gida a ci. Ribar da mai ajiya na birni ke kwashewa duk shekara ta dawo hannun wanda ya yi noman. Manomi ɗaya ba zai iya wannan ba, don babu mai ba da rance da zai taso saboda buhu huɗu. Manoma hamsin masu buhu ɗari biyu da sito mai kyau kuwa, dole a saurare su.

Kadawa, da nonon da ake zubarwa

Idan akwai wurin da ke kukan rashin irin wannan haɗin kai a Najeriya, to yankin Kura da Bunkure da Garun Malam ne. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, ta mayar da wannan yanki ɗaya daga cikin manyan wuraren noman rani a ƙasar. Tsakanin Janairu da Maris, tumatir kan yi yawa a Kwanar Gafan har kwando ya rasa mai saye, a bar shi ya ruɓe ko a yanka a shanya a ƙasa. Motocin da ke kai shi kasuwar Mile 12 a Legas sukan kwana biyu ko uku a hanya, kwandunan kaba suna danne juna, wani kaso mai yawa ya lalace kafin a isa. Kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatirin gwangwani a Kadawa a 2016, mai iya cin tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar nan mai cinye ganyen tumatir ta share gonaki, daga baya kuma masana'antar ta yi ta tsayawa saboda ƙarancin tumatir da saɓani kan farashi. Idan kasuwa ta yi kyau manomi ya kai kayansa can, idan ta faɗi kowa ya nufo ƙofar kamfani rana ɗaya. Babu kamfanin da zai iya ƙulla yarjejeniya da dubban manoma ɗaya-ɗaya. Ƙungiya mai ƙarfi ce kaɗai za ta iya tsara wa 'ya'yanta lokacin dashe don kada kowa ya tsinka a mako guda, ta yi cinikin farashi da baki ɗaya, ta kuma hukunta wanda ya saɓa alkawari.

Haka ruwan kansa. Magudanan da aka gina shekara hamsin da suka wuce sun cushe da laka da kacalla, na kusa da bakin ruwa ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe ya sayi fetur ya ja da inji. Shi ya sa wani aikin gyaran magudanan da Bankin Duniya ya tallafa wa ya dage kan kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda za su karɓi kuɗin ruwa su yashe ƙananan magudanai da kansu. Ɗorewarsu bayan masu ba da tallafi sun tafi ita ce za ta nuna ko an koyi wani abu.

Nono kuwa, Najeriya na kashe sama da dala biliyan ɗaya a shekara wajen shigo da madara, alhali matan Fulani na yawo da ƙwarya a ka daga ruga zuwa gari, abin da bai ƙare ba ya lalace. Ga misalin mafita: a gundumar Kaira ta jihar Gujarat a Indiya, makiyaya masu saniya ɗaya ko biyu sun kafa ƙungiya a 1946 don su kuɓuta daga 'yan tsakiya. Ita ce ta zama Amul, mallakar masu tatsa fiye da miliyan uku da rabi. Sirrinta ba mai wuya ba ne: wurin karɓar nono a kowane ƙauye safe da yamma, a auna a gaban mai shi, a biya shi a kan kari.

Abin da ke hana ruwa gudu

Na farko shi ne rashin amana. Kusan kowane gari yana da labarin ma'ajin da ya gudu da kuɗin ƙungiya, ko shugaban da ya yi shekara goma ba zaɓe. Maganin wannan ba wa'azi kaɗai ba ne, tsari ne: a ƙirga kuɗi a bainar jama'a, a raba makullai, a karanta lissafi a kowane zama, a yi zaɓe a kan lokaci. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta ba mutum goma damar yin rajista, kowane ɗan ƙungiya yana da ƙuri'a ɗaya komai yawan kuɗinsa, ta kuma tanadi binciken littattafai. Ofisoshin da ke da alhakin wannan bincike a jihohi suna buƙatar ma'aikata da abin hawa, domin aikinsu bai ƙare a kan ba da takardar shaida ba. Hujjar cewa abin zai yiwu a cikinmu tana nan a jami'o'i da asibitoci da ma'aikatu, inda ƙungiyoyin ma'aikata ke raba shinkafa da sukari kafin azumi, da ragon layya, har da filaye. Suna ɗorewa ne saboda kuɗin na 'ya'yansu ne, kuma daga albashi ake cire biya.

Na biyu shi ne kuɗin ruwa. Musulmi da yawa, maza da mata, suna guje wa duk wani asusu da ake ɗora ƙari a kan rance, kuma kuskure ne masu tsara shirye-shirye su ɗauki wannan a matsayin rashin wayewa. Fiƙihu yana da hanyoyin da suka dace da ƙungiya: ta sayi taki ko keken ɗinki ko Adaidaita Sahu a sari, ta sayar wa ɗanta bashi da ribar da aka bayyana tun farko, ko ta zuba jari a raba riba da asara. Bankin Jaiz na aiki a kan irin waɗannan ƙa'idoji tun 2012. Malamanmu na da babban aiki a nan, su sauko da wannan ilimi daga littafi zuwa zauren manoma.

Akwai kuma abubuwan da suka fi ƙarfin kowace ƙungiya. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda 'yan bindiga ke ɗora wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi, tara hatsi a sito ɗaya kiran ɓarayi ne. A 2025 kuma, bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da abinci, farashin masara da shinkafa ya faɗi yayin da taki bai sauko ba, duk wanda ya ajiye hatsi yana jiran bazara ya ji a jikinsa. Tsaro da tsayayyen tsarin kasuwa aikin gwamnati ne, kuma kada a yi amfani da kiran a kafa ƙungiya wajen sauke wannan nauyi a kan talaka.

Abin da ake nema daga gwamnonin Arewa ba sabon rabon kuɗi ba ne. A gina sito a manyan ƙauyukan noma a damƙa wa ƙungiyoyin da suka nuna littafin zubi na aƙalla shekara biyu. A horar da matasan da suka gama makaranta suna zaune su zama masu riƙe wa ƙungiyoyi lissafi, masu awo da gwajin danshin hatsi, masu kula da wuraren sanyaya nono, domin a nan ne ayyukan yi na gaske za su fito. Duk rancen da za a bayar ya biyo bayan ajiyar 'yan ƙungiya, kada ya riga ta. Manoma da masu sana'a kuma, kada ku jira sai an yi shelar wani shiri a rediyo. Ku zaɓi mutum goma sha biyar da kuka yarda da su a unguwarku, ku tsayar da ranar zama da abin da kowa zai iya zubawa, ku fara kafin kakar bana.